Wankan Jego a Gindin Madubin Taurari

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A gidan suna, a wurin ta'aziyya, har a tashar Jabi inda na yi shekara da shekaru ina suyar waina, duk wadda ta gan ni sai ta kama mini mayafi: "Hajiya Gambo, wai da gaske kin je kallon taurari?" Labarin ma ya fara yin rassa a bakin mutane, har na ji wata tana cewa an sa ni a kumbo. Shi ya sa na zaunar da matar ɗana na ce ta ɗauki biro. Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini, kuma ba na ƙara wa magana gishiri.

Autata Safiya ce sanadin tafiyar. Da tandar waina na kai yarinyar nan makaranta, tun Abuja tana rabin daji. Lokacin da mulki ya dawo hannun farar hula, gine-gine suna tashi ko'ina, waya ta shiga hannun kowa, sa'o'inta suna rububin aikin banki, ita sai ta ce duwatsu za ta karanta. Ba na ƙasa ba. Waɗanda Allah ya watsa a sararin sama suna zagaya rana, wani bai fi dutsen Zuma ba, wani ya fi garin nan girma.

Wata rana ta ɗauki dogon dankali a kicin ɗina, ta soke shi da tsinken tsire, ta haska shi da tocila tana murzawa.

"Kin gani, Inna? In ya ba ki gefe, haskensa ya yi yawa. In ya ba ki kai, ya ragu. Da haka muke sanin awa nawa yake yi kafin ya juya sau ɗaya. Sannan mu sa gilashi ja, da kore, da shuɗi a gaban madubin hangen nesa, mu ga ko wani gefensa ya fi wani ja."

Na ce, "To in kin sani, sai me?"

Ta ce, "Sai mu san irin ƙasar da ke jikinsa. Ni kuma in zama dakta."

Na ce wannan na ƙarshen kam na gane.

Madubin da zai iya ganin dutsenta yana kan wani tsauni a ƙasar Maroko, kuma layi ake bi. Ta nema tun kafin ta sami ciki, aka ba ta dare bakwai, daidai lokacin da dutsen zai matso kusa. In ya wuce, sai bayan shekara huɗu, makarantarta kuwa ta ba ta wa'adi ta gama a shekarar. Sai Allah ya kawo haihuwa, mace, aka sa mata sunana. Ranar da ya kamata a tashi, takwarata tana da kwana ashirin da uku a duniya.

Na ce mai jego ba ta taka ƙofar gida kafin arba'in, balle ƙetare. Mijinta Nura, ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ya durƙusa yana ba ni baki. Ita kuwa idonta ne ya cika. Na yi wa 'ya'ya da surukai wankan jego sau goma sha ɗaya, ba wadda sanyi ya kama a hannuna. Na ce, "Za ta je. Amma da ni, kuma wanka ba zai tsallake kwana ɗaya ba."

Wahalar farko hoton fasfo ce. Mai hoto ya ce sai jaririya ta buɗe ido, kuma kada hannun kowa ya fito. Muka yi ta fama, takwara tana barcinta. Daga ƙarshe na lulluɓe da farin zane gaba ɗaya kamar kayan wanki, na ɗora ta a cinya, na sosa mata tafin ƙafa. Duk wanda ya ga hoton nan, farin bangon da ke bayanta ni ce.

Daga Abuja muka sauka Legas, muka yi zaman jira har ƙafata ta kumbura, sannan muka hau babban jirgi. Jirgi bai ba ni tsoro ba, na je Hajji. Abincinsu ne dai, 'yar loma a akwatin roba kamar ta mai jinya. Na fito da dambun nama na ba Safiya, na miƙa wa wani Bature da ke gefena. Ya ci, ya yi tari har hawaye, ya sake miƙo hannu.

A Kasablanka, wurin binciken kaya, wani jami'i mai gashin baki ya zuge jakar bakkona ya tsaya. Ganyen darbejiya busasshe, ganyen tsamiya, garin gero, yajin jego, daddawa, da kanwa ungurnu ƙulli guda. Ya ɗaga kanwar yana juya ta, ya kira ɗan'uwansa, su biyu suna shinshinawa. Safiya tana ta zuba musu Faransanci, ba su gamsu ba. Na ce ta matsa. Na gutsiri kanwar na jefa a baki, na nuna jaririya, na nuna uwarta, na ce, "Nifas." Kalmar da malaminmu yake faɗa ce in ana karatun tsarki. Nan take fuskarsa ta saki, ya dafa ƙirji, ya yi wa takwara addu'a. Ya mayar da komai sai daddawa. Ita kam ya riƙe ta da yatsa biyu, nesa da jikinsa, ya ce ba za ta shiga ƙasarsu ba. Har yau ina jin zafin daddawar nan, ta Zariya ce.

Jirgin ƙasa ya kai mu Marakash, gari ja wur kamar an gina shi da jar ƙasar Abaji. Daga nan mota ta ɗauke mu muka fara hawan dutse. Hanya tana lanƙwasa kamar igiyar guga, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami. Direban yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna mana gidan kakarsa. Na ce Safiya ta gaya masa ni ba kakarsa na zo gani ba. Ya yi dariya, amma ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

A sama, sanyi ne wanda ban san Allah ya halicci irinsa ba. Ƙanƙara kwance a ƙasa kamar an baza gari. Ga wani farin gini mai kan ƙwarya, a cikinsa madubin yake, ga masaukin baƙi a ƙasa da shi kaɗan. Shugaban wurin dattijo ne ɗan ƙasar, kowa Farfesa yake ce masa. Ya tarbe mu da mutunci, ya kira ni Hajja, sannan ya faɗi dokarsu, Safiya tana fassarawa: da zarar rana ta faɗi, ba fitila a waje, ba wuta, ko ashana, kuma labule a rufe. Na ce na ji.

Mai dafa abincin masaukin sunanta Zahra, sa'ata ce, da zanen shuni a haɓarta. Ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma kafin magariba mun san adadin 'ya'yan juna da waɗanda suka rasu. Mutanen nan Musulmi ne na kirki, kwano ɗaya suke ci kamar mu, shayinsu daga sama suke tsiyayo shi kamar Buzaye. Kuskus ɗinsu ɗan'uwan burabusko ne, ba laifi. Amma burodi safe, burodi rana, burodi dare, shi ne cokalinsu ma. Kuma su dafa naman rago mai kyau su zuba masa busassun 'ya'yan itace masu zaƙi. Nama da zaƙi, jama'a. Maza kuma su sumbaci juna a kumatu, gemu da gemu. Na fito da yajina na ajiye a tsakiyar tebur. Kwana biyu sai da na fara ɓoye shi.

Tsarin aikin shi ne, dutsen Safiya ba ya ɓullowa sai dare ya raba, daga nan zuwa asuba take auna shi. Ni ina ɗaki da takwara, in ta tashi in aika a kira uwarta. In ta sauko da asuba sai wanka. Daren farko gajimare ya rufe, ba a yi komai ba. Da safe na buɗe famfon ruwan zafin da suke taƙama da shi, na sa hannu, na bar shi a ciki ina ƙirga salati. Ruwan da hannuna zai zauna a cikinsa ba ruwan jego ba ne. Tukwanen kicin kuma ƙanana, murhun lantarki.

Na ja Zahra gefe na yi mata bayani da hannu. Ta gane sarai, su ma suna gasa mai jego, a ɗakin wanka mai tururi. Ta kai ni wani tsohon garken tumaki a bayan masauki, mai katangar dutse da ta fi tsayina, ta kawo mini ƙatuwar tukunyar biki da itace. Na duba na ce ai shi ke nan. Farfesa haske yake gudu, katangar nan kuwa ko ƙyalli ba za ta bari ya fita ba. Na ma ƙara da tsohon kwanon rufi na kare bakin murhun. Na yaba wa kaina ƙwarai.

Awa biyu kafin asuba nake hura wuta, don ruwa ya tafasa da ganyensa kafin Safiya ta sauko. Itacen jiƙaƙƙe ne saboda ƙanƙara, hayaƙi kamar ana ƙona bola, amma wa zai ga hayaƙi a duhu? In kwashe a bokiti in kai banɗaki. Safiya ta ɗauka a kicin nake dafawa, ni kuma ban gyara mata ba.

Dare na biyu ta sauko da murmushi. Na uku ta sauko tana rawar jiki, ko takalmi ba ta cire ba.

"Inna, yana da jan gefe. Dutsen kamar sau huɗu yake juyawa a kwana ɗaya, to fuskar da yake nuna mana gab da asuba ta fi sauran ja, jiya da yau duka. Irin wannan ba kasafai ake samu ba."

Na ce, "Ai dama. 'Yar wa ce ke? Tuɓe, ruwa na hucewa."

Ranar ta kai ni na ga dutsen a kwamfuta. Ɗigo ne fari, bai kai ƙwayar gero ba. Na gyaɗa kai don kada in ɓata mata rai.

Bayan dare na huɗu, muna cin abincin rana, Farfesa ya shigo da takardu ya zauna kusa da ita. Yana magana a hankali yana nuna layuka da biro. Na ga fuskar 'yata tana sauka har ta ajiye burodin hannunta. Da muka koma ɗaki ta zauna a bakin gado.

"Ba dutsen ba ne ya yi ja, Inna. Farfesa ya auna taurarin da ke kusa da shi, su ma duk sun yi ja a lokaci ɗaya. Taurari ba sa yin haka tare. Ya ce na'urar ɗaukar hoton ce ta sami matsala. Bayan la'asar za su kwance ta."

"Kwana nawa gyaran?"

"Uku, in an yi sauri."

"Ke kuma dare nawa ya rage miki?"

"Uku." Ta goge ido da bayan hannu. "Duk awon da na yi na gab da asuba ya lalace, kuma wannan fuskar ba na samunta sai a lokacin. In babu ita, ban rufe juyi ɗaya ba. Ba ni da abin da zan kai makaranta."

Na ce, "Jan nan, da wane lokaci yake farawa?"

"Kamar awa biyu kafin asuba. Kullum."

Wanda ya yi shekara talatin a gaban murhu ya san yadda rana take komawa ja in ka kalle ta ta cikin hayaƙi. Ba sai an kai ni jami'a ba. Hayaƙin wutata ne.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa mini shi ne in daina hura wutar kawai, in yi shiru. Na yi sallar azahar da wannan tunanin. Amma ko na daina, su ba su sani ba, za su kwance na'urarsu lafiyayya, dare ukun su tafi. Ni da tashar Jabi kaf ba wanda ya taɓa kama ni da ƙarya, zan tsaya gaban maza baƙi in ce an kafa mini doka na zagaye. Na zauna har inuwa ta karkata. Da na hango ma'aikata biyu sun nufi farin ginin da akwatin kayan aiki, na saɓa takwara a baya, na ce, "Safiya, tashi ki raka ni wurin ogan naku."

Muka same shi a ƙofa. Na ce ya dakatar da mutanensa ya biyo ni. Na kai su garken tumakin. Ga tukunya, ga toka, ga katanga ta yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Fassara masa, kuma kada ki rage ko kalma. Ni na hura wuta a nan dare uku, awa biyu kafin asuba, don ruwan wankanki. Ya ce ba wuta, na ji da kunnena. Na ɗauka haske kaɗai yake gudu. Zahra ba ta da laifi, ni na sa ta."

Safiya ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Sannan ta juya ta faɗa masa. Ban san Faransanci ba, amma na san ba ta rage ba.

Farfesa ya dubi murhun. Ya sunkuya ya ɗebi toka, ya ɗaga hannu ya sake ta. Iska ta kwashe ta ta haura da ita tiryan-tiryan zuwa bakin farin ginin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya karkaɗe hannu ya yi magana.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba za a kwance ba yau. Za a gwada daren nan babu wuta. In jan ya dawo, gobe a kwance." Ta dube ni. "Ya ce kuma in gaya miki tasa uwar ma da haka za ta yi, shi ya sa bai taɓa kawo ta nan ba."

Daga nan Safiya ta daina yi mini magana sai ta dole, ta nonon takwara. "Ta sha?" "Ta sha." Shi ke nan. Farfesa ya ba da izini a hura wuta da tsakar rana, a kashe ta ƙurmus kafin la'asar, wanka ya koma da rana. Ban yi musu ba.

Daren nan ban runtsa ba. Da lokacin hura wuta ya yi ina zaune da carbi, hannuna yana ƙaiƙayi. Da asuba Safiya ta shigo ta ce, "Babu ja," ta kwanta ta juya mini baya. Amma dare ɗaya bai isa ba, sai an maimaita a tabbatar. Dare na shida gajimare ya taso tun magariba, ƙanƙara ta zuba har safe. Zahra ta kawo mini shayi ta zauna kusa da ni. Saura ɗaya.

Na bakwai ya zo garau, taurari kamar ka miƙa hannu ka tsinko. Takwara, Allah ya yi mata albarka, sau ɗaya ta tashi. Har rana ta fito Safiya ba ta sauko ba, suna can suna lissafi. Sai wajen hantsi na ji takunta. Ta tsaya a ƙofa, idonta jawur.

"Awa shida ba minti biyu. Juyin ya rufe, Farfesa ya sa hannu."

"Alhamdu lillahi. Launin fa?"

"Ɗaya ne ko'ina. Toka-toka. Ba wani abin mamaki, amma shi ne gaskiyarsa, kuma ya isa."

Da rana na tafasa ruwa na kai banɗaki. Ta zauna a kan kujerar tsuguno ta ba ni baya, na tsoma ganye na fara fyaɗa mata, tururi ya cika ɗakin. Ku da kuka san ni kun san ban taɓa ba ɗan da na haifa haƙuri ba, ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Tsayawa gaban Farfesa ya fi mini sauƙi sau goma. Na yi ta jujjuya maganar a baki har ruwa ya kusa rabi.

Na ce, "Auta, na kusa ƙona miki shekara huɗu. Ki yafe mini."

Ba ta juyo ba. Na ga kafaɗunta sun motsa, ban sani ba ko kuka ne ko dariya. Can ta kai hannu baya, ta kamo nawa da ganyen a ciki, ta ɗora a ƙugunta na hagu.

Ta ce, "Nan, Inna. Tun jiya yake mini ciwo. Ki danna sosai."

Na danna.